Orange: Naho ta ƙona min rai wallahi

Tun da daɗewa ake ta zuga min Orange, wani anime (zanen katun na Japan), wai idan na kalla sai na sha kuka, to na samu data na sauke duka kashi 13 ɗin na zauna na gama. Kukan dai na yi shi, amma takaicin da na kwasa ya fi shi yawa, kuma ba kowa ya jawo ba sai Naho.

Tubalin labarin fa babu laifi. Naho, yarinya ƴar sakandare a garin Matsumoto na Japan, ta samu wasiƙa daga ita kanta ta shekara 10 masu zuwa, ana gaya mata sabon ɗalibin da zai zo daga Tokyo, Kakeru, ba zai yi tsawon rai ba, ta yi duk yadda za ta yi ta cece shi. Da farko na yi mata uzuri sosai. Ta haɗa masa abincin rana ta wuni tana riƙe da shi ta kasa miƙawa, na ce kunya ce, ai shekararta 16. Wata ɗaliba mai suna Ueda ta riga ta furta wa Kakeru tana son sa, ita kuma Naho ta ƙare da rubuta masa ƴar takarda bayan aikin gama ya gama, nan ma na ce a hankali za ta waye. Ashe haka za mu yi ta tafiya har ƙarshe.

Wurin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne daren sabuwar shekara. Haba jama'a! Wasiƙar nan ta faɗa mata ɓaro-ɓaro cewa a wannan daren za su samu saɓani da Kakeru a kan maganar kakarsa, kuma ta san yaron nan mahaifiyarsa ta kashe kanta ne a ranar da ya bi abokai yawo maimakon ya koma gida, laifin yake ɗora wa kansa kullum, to mutumin da ke ɗauke da wannan ciwon ya ce miki hankalinsa na kan tsohuwar da ya bari a gida shi ne za ki ce masa ba abin da zai same ta? Wata da watanni tana karanta wasiƙa tana kuka tana alwashi, da lokacin ya zo sai ta sake faɗawa ramin da aka nuna mata da yatsa. Ni ba kuskuren ne ya dame ni ba, mutum tara yake bai cika goma ba, abin da ya dame ni Nahon da ke wannan daren ita ce dai ta kashi na 1, ko taku ɗaya ba ta ƙara ba. Sun riga sun faɗa wa juna suna son juna fa, amma ya miƙo mata hannu ta tsaya tana zare ido wai ba ta gane me yake nufi ba.

Kakeru kam an yi ƙoƙari a kansa, gaskiya. Yadda yake dariya cikin abokai alhali cikinsa na ci da wuta, da kashin da aka nuna abin daga ɓangarensa ya ga saƙon da mahaifiyarsa ta bari a waya, wannan ya taɓa ni ƙwarai. Gudun miƙa sanda na ranar wasannin makaranta ma ya yi kyau, har na fara cewa to bari in yafe musu.

Sai kuma na tuna Suwa, ɗaya daga cikin abokansu, raina ya sake ɓaci. Wannan bawan Allah shi ne ya auri Naho a can gaba har da ɗansu, ya sani sarai, amma ya haƙura ya koma yana haɗa ta da Kakeru, kuma ba a ba mu isasshen lokaci mu ga yadda abin ke cinsa ba, sai murmushi kawai da turo ta gaba. Sai da aka yi masa fim daban daga baya a 2016, ni kuwa a cikin labarin nake son in gani. Sauran abokansu Azusa da Takako da Hagita kuwa kowa da hali ɗaya tal da aka liƙa masa, Ueda ita mugunta kawai ba dalili. Maganar yadda wasiƙun suka koma baya ta wani baƙin rami a tekun Bermuda ma gara da ba su yi bayanin ba sam.

Wanda yake son labarin abota da ciwon damuwa ya kalla, zai ƙaru. Amma idan soyayya ce ta kawo ka, kana so ka ga yarinya ta girma ta buɗe baki ta yi magana, ka ajiye datarka. Biyar cikin goma na ba shi, kuma rabin makin na Suwa ne.