Kantun gyaɗa: a narka sukari da ruwa ko tsurarsa?

Ƙanwata, kin ce sau biyu kina gwada kantun gyaɗa. Na farko ya ƙone ya yi ɗaci, na biyu da kika sa ruwa ya ƙi daskarewa, yana kama haƙori kamar danƙo, shi ne kike tambayar wace hanya ce daidai. Duka biyun ana yi, kuma na daɗe ina yin su. Kowacce dai da inda take kayar da mutum.

Ta farko ita muka taso muka ga iyayenmu na yi: sukari tsura a busasshiyar tukunya, wuta kaɗan-kaɗan. Awona shi ne gwangwanin madara 1 na sukari, gwangwani 2 na soyayyiyar gyaɗa da aka murje aka fece, aka ɗan daka ta sama-sama a turmi. Sukarin daga ƙasa da gefe yake fara narkewa, sai ki riƙa janyo shi tsakiya da cokalin katako a hankali. Da ya narke duka ya yi kalar zuma, ki sauke nan take ki juye gyaɗar. Daɗin wannan hanya, babu zancen danƙo, domin sukari tsura ba ya narkewa sai zafinsa ya kai wajen digiri 160, ya riga ya wuce inda kantu ke buƙata. Amma tsakanin kalar zuma da ƙonewa 'yan daƙiƙoƙi ne. Ko kin sauke, zafin tukunyar bai daina cin sa ba. Ina kyautata zaton abin da ya sami naki na farko ke nan, musamman idan tukunyar mai siririn gindi ce kuma wutar gas ɗin ta yi yawa. Sukarin da ya yi baƙi ba ya gyaruwa, kada ki yi asarar gyaɗarki a kansa.

Ta biyu kuwa, a kan gwangwani 1 na sukari za ki zuba rubu'in gwangwani na ruwa, ki matse rabin ƙaramin lemon tsami. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ruwan nan ba zama ya zo yi ba. Aikinsa ya narkar da sukarin bai-ɗaya, sannan ya ƙafe. Wadda ta ga yana tafasa yana kumfa ta ɗauka ya yi, ta sauke, ita ce ke samun danƙo. Sai ya kai wajen digiri 150. Ba sai kina da ma'aunin zafi ba: ki ɗiga ɗan kaɗan a kofin ruwan sanyi, ki ciro. In ya lanƙwasu da saura, in ya karye ƙas, ya yi. Kuma da zarar ya fara tafasa ki cire cokali, domin juyawa na sa ya koma tsaki-tsaki kamar yashi. Lemon tsamin shi ke taimakawa wajen hana hakan. Kada dai ki cika shi, yawansa na sa kantu ya riƙa janyo laima.

In kin tambaye ni, ga mai koyo na fi son ta ruwa. Ta fi cin lokaci da wuta, amma tana ba ki damar gwadawa kafin ki zuba gyaɗa. Haka in za ki yi da yawa, na biki ko na sayarwa, domin mudun sukari ba ya narkewa daidai a busasshiyar tukunya, ƙasa na ƙonewa sama na nan fari. Ta tsura kuma ta fi ƙamshi da kala, ita nake yi wa yara in kaɗan ne.

Ko wacce kika ɗauka, gyaɗar ta kasance da ɗuminta, don mai sanyi na sa sukarin ya dunƙule kafin ki gama juyawa. Ki tsince ruɓaɓɓu da masu fumfuna tun kafin suya. Ki shafa wa tire man gyaɗa tun kafin ki ɗora tukunya, ki shafa wa jikin kwalba ki murza da ita, ki tsaga da wuƙa tun da ɗumi. In ya huce sai dai ki karya.

Don Allah ki kori yara daga madafi a lokacin. Narkakken sukari manne wa fata yake, ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa muni.

Sai maganar ajiya. Da hunturu kantu kan yi makonni yana ƙaras-ƙaras, da damina kuwa kwana ɗaya a buɗe ya isa ya fara naso. Ya huce sarai, ki sa a roba mai murfi ko ki ƙulla a leda, ban da firij. Ki sake gwadawa da rabin gwangwani, ki gaya mana yadda ɗigon ya yi a ruwan sanyi.