Na gwada set ɗin rinin Alcian blue da PAS a kan fatar tsutsar teku

Jama'a duk wanda yake aiki da tsutsotsin teku masu gashi, wato polychaete, kuma har yanzu H&E kaɗai, wato rinin yau da kullum na hematozilin da iyosin, yake sa wa siraran yankan naman da yake dubawa a maikiroskof, gaskiya rabin abin kawai yake gani. Na yi amfani da set ɗin rinin nan mai haɗa Alcian blue da PAS, rini biyu masu nuna yauƙi, a kan yankan Nereis da Sabella, iri biyu na waɗannan tsutsotsi, kaurin maikiron 5 a kakin farafin, shi ne na ce bari in faɗi yadda ta kaya.

Fatar waɗannan tsutsotsi layi ɗaya ce tak ta ƙwayoyi dogaye, a samanta akwai wata siririyar riga ta kolajin, to a tsakanin ƙwayoyin nan ne masu fitar da yauƙi suke zaune, kowacce da ɗan bakinta da ya huda rigar ya fito waje. Da H&E waɗannan ƙwayoyin fari fat suke fitowa ko dishi-dishi, sai ka ɗauka ramuka ne ko wuƙar ce ta yaga naman. Da na sa wannan rinin kuwa, kai, wallahi sai da na daɗe ban ɗaga ido daga maikiroskof ba, masu yauƙi mai asid sun yi shuɗi shar, waɗanda nasu ba asid sun yi ja mai ɗaukar ido, masu haɗa biyun sun koma shunayya, kuma duk a jere kafaɗa da kafaɗa a wuri ɗaya. Ita kanta rigar ta ɗauki jan siriri.

Inda ya fi burge ni a Sabella ne. Ita dai a bututu take rayuwa, da yauƙinta da laka take gina shi, kuma ɓangaren cikinta, wato ƙasan jikinta, akwai wasu faifai masu kauri da suke cike maƙil da ƙwayoyin yauƙi. Nan shuɗin ya taru sosai har da ƙaramin gilashin maikiroskof mai girmama abu sau 10 kana gani, ka juya ɓangaren baya sai ka ga 'yan tsiraru. A Nereis kuma, wadda take shafe raminta da yauƙi, gefen ciki da ƙafafunta na fi samunsu. Ka ga tun daga rinin ka fara gane yadda dabbar take rayuwa, ni abin da na fi so ke nan.

Matsalolin su ne, takardar bayanin duk don naman mutum aka rubuta ta, hanji da makamantansu, ba ko kalma ɗaya a kan dabbobin ruwa, sai da na yi ta rage lokacin hematozilin don ya daina danne shuɗin. Sannan Alcian ɗin na pH 2.5 ne kaɗai (pH shi ne ma'aunin ƙarfin asid), babu na pH 1.0 wanda shi ne zai ware maka yauƙi mai salfet, wannan ya ba ni haushi sosai don a fatar waɗannan tsutsotsi tambaya ce babba. Ruwan Schiff kuma, wanda shi ne yake ba da jan PAS, kwalbar ƙarama ce, a firji za ka ajiye shi, in ya fara yin ruwan hoda ya lalace, ka ɗiga shi a ɗan fomalin ka gani, mai kyau nan take yake rinewa.

Kar kuma wani ya sa ran ganin siraran gashin ƙwayoyin da ke ratsa rigar, maikiroskof na haske iyakarsa wajen maikiron 0.2, wannan sai na ilektaron. Zan sake neman set ɗin in ya ƙare, amma na pH 1.0 dole in nemo shi daban.