Tayar Gudu da Kuɗi Kaɗan: Sabuwa ko Tokunbo?

Wanda yake da mota mai ƙarfin inji, kuma yana yawan bin hanyar Kano zuwa Kaduna, ya san taya ce ke riƙe da ransa. Matsalar ita ce tun da Michelin ya rufe masana'antarsa a Najeriya a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008, tayoyin motocinmu daga waje suke zuwa, farashinsu kuma yana bin dala.

Idan ka shiga Ƙofar Ruwa ko shagunan Sabon Gari, kashi uku za a nuna maka. Akwai manya irin su Michelin Pilot Sport da Bridgestone Potenza, masu kama kwalta sosai a kwana da kuma lokacin birki, amma kuɗin guda huɗu sai mai hali. Akwai na tsakiya, kamar Hankook Ventus da Kumho Ecsta na Koriya, da Maxxis na Taiwan. Sai kuma 'yan Sin masu sauƙi: Triangle, Sailun, Linglong, Westlake. Can gefe kuma ga tokunbo, wato tayoyin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje, an jibge, an goge su da baƙin mai suna ƙyalli.

A nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan babban suna ce, dubi zanenta, kamar ba a taɓa hawa ba." Ni ma na taɓa saya. Wata biyu ba ta cika ba, cikin zafin Afrilu, ta yi bindiga bayan na wuce Kura, ikon Allah ne kawai ya tsayar da motar. Da mai faci ya nuna mini gefenta, ashe shekararta takwas, kuma akwai hoton dutse mai kawuna uku da alamar ƙanƙara a ciki. Tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi, ba a yi ta don garin da zafi ke wuce digiri 40 ba.

Shi ya sa nake cewa ka tsuguna ka karanta gefen taya da kanka. Nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 3523 na nufin mako na 35 a shekarar 2023. Ko sabuwa ce, idan ta daɗe a sito, roba ta fara bushewa. Sai ka duba lamba irin 215/55R17 94V. Wannan 94 ɗin nauyin da za ta ɗauka ne, kilo 670. Harafin ƙarshe kuwa iyakar gudunta: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Ba cewa aka yi ka yi wannan gudun ba, amma taya mai V ko W ta fi jure zafin doguwar tafiya. Inda aka rubuta Temperature kuma, nemi A, kada ka yarda da C.

A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya fara tambayar na tsakiya. In kuɗin bai kai ba, sabuwar 'yar Sin mai kwanan wata na kusa, mai V da A, ta fi mini tokunbo komai girman sunanta, ko da za ta ɗan fi ƙara a kan titi.

Samari masu son siririyar taya mai gajeren gefe, wadda aka rubuta mata 40 ko 45 a gurbin 55 ɗin can, don motar ta yi kyau, su tuna da ramukan damina. Rami ɗaya ya isa gefenta ya yi ƙulu, wili ya lanƙwashe. Tsaya a kan girman da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

In guda biyu kawai za ka iya saya yanzu, sa sababbin a baya, don idan bayan mota ya zame a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ta fi wuyar sarrafawa. Kafin ka bar wurin a yi maka balansin da alaimen, a kuma gwada iskar da geji washegari da safe kafin tayar ta ɗau zafi.