Gargaɗi ga mutanen Maradi: masu tallar manhajar naɗar kira ɓarayi ne

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wani saƙon murya da ke yawo a zaurukan WhatsApp na ƴan kasuwa, har ya shiga zaurukan unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo. Mai maganar na cewa yana da manhajar da za ta naɗi duk kiran da ka yi, ta ajiye maka a kwamfuta, ko wayarka ta ɓace muryoyin suna nan. Kuɗin aiki jika goma sha biyar, a tura tukuna. Sai ya ƙara da cewa in ka ninka kuɗin, lamba kawai za ka ba shi, ya sa ka riƙa jin kiran matarka ko na yaron shagonka. Don Allah kada wanda ya tura masa ko dala.

Na san abin da ke jan mutane. Cinikinmu a baki yake. Alhaji zai kira Kano ko Jibiya ko Kwatano, a yanke farashin wake ko na atamfa a waya, babu takarda babu shaida, ranar biya wani ya ce ba haka aka yi ba. Neman hujja ba laifi ba ne, kuma da wannan buƙatar ce mutumin ke farautar mu.

Ga yadda yake aikinsa. Da kuɗi sun shiga, sai ya turo wani fayil ya ce ka buɗe, ka danna amincewa a duk inda waya ta tambaye ka: saƙonni, lambobin mutane, makirufo, komai. In ka ce me ya sa babu ita a Play Store, sai ya ce ai ta musamman ce. Gaskiyar ita ce tun watan Mayun 2022 Google ya hana manhajojin waje da ke Play Store bin hanyar da suka saba bi su naɗi kira. Abin da ka saka da hannunka yana karanta saƙonninka ne, har da lambobin tabbatarwa da banki ko kamfanin tura kuɗi ke aiko maka. Wani lokaci ma ba ya wahalar da kansa da fayil. Zai ce a haɗa wayarka da kwamfuta, ya sa ka ɗauki hoton alamar QR, ko ya nemi lambobi shida da WhatsApp ya aiko maka. Kwamfutarsa ce ka haɗa, ba taka ba. Daga nan sai ya riƙa rubuta wa abokan cinikinka da sunanka, yana neman a turo kuɗi da gaggawa.

Zancen sauraron wani da lamba kawai kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Kiran WhatsApp a kulle yake tsakanin mutum biyu tun 2016, kiran layi kuma ta na'urorin kamfanin sadarwa yake bi, ba ta kwamfutar wani ɗan cuwa-cuwa ba. Ga shi kuma dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta haramta kutse da satar bayanan mutane. Wannan ɓangaren ne ya fi ci mini rai. Magidancin da ya biya don ya saurari iyalinsa ba ya iya zuwa ya kai ƙara, kunya ta ɗaure shi, ɓarawon kuma ya san haka. Sai ya dawo da barazanar zai tura wa matar saƙonnin da mijin ya aiko masa, in ba a ƙara masa kuɗi ba. Leƙen asirin juna addini ya hana, balle ka ɗauko bare ka saka shi a ɗakinka.

Wanda ke son ajiye maganar ciniki ba ya buƙatar kowa. Wayoyin Tecno da Infinix da Itel da yawa suna da maɓallin naɗa a fuskar kira, iPhone ma ta samu nata a 2024, kuma tana sanar da wanda ake magana da shi. Ka gaya wa abokin cinikinka kana naɗa. Bayan nan ka jona waya da kwamfutarka ta igiyar USB, ka kwashe fayilolin, ka sa wa kowanne suna da kwanan wata. Kada ka bar su a kwamfutar shagon tura waƙoƙi.

In kuwa ka riga ka saka manhajar, kashe intanet ɗin wayar yanzu. Ka canza lambobin sirrinka na kuɗi ta wata wayar, ka kwashe hotuna da lambobi sannan a mayar da wayar kamar sabuwa. A WhatsApp ka shiga wurin na'urorin da aka haɗa ka fitar da duk wadda ba ka sani ba, ka kunna kariya mai mataki biyu. Ka kira abokan hulɗarka su daina tura kuɗi a kan saƙon rubutu. Lambar mutumin da takardar tura kuɗin kuma ka riƙe su, ka kai komisariya.