Sabuwar Tecno ko iPhone 11 ta hannu?

Wayata ta faɗa kogin Matan Fada a Argungu, dole na nemi wata. A wani shago a Birnin Kebbi aka ajiye min biyu: Tecno Spark sabuwa fil a kwali, da iPhone 11 ta hannu.

iPhone ɗin tun 2019 ta fito, amma hotonta ba a magana, ko da magariba fuska na fita tas. Sai dai batirinta ya sha jiki, ramin layi ɗaya gare ta, kuma in gilashi ya fashe, aljihu zai ji a jikinsa.

Tecno kuwa batir 5000mAh, layi biyu, kowane mai gyara ya san cikinta. Mu da wuta sai ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hoton dai sai a hankali.

Tecno na ɗauka. Ƙanwata har yau tana min tsiya.