Kyamarar tsaro mai juyawa: ta waya ko ta sola?

Mai shago a Mile 12 ko Agege a Legas zai tarar da iri biyu a kasuwar Alaba: mai wayar PoE (wayar intanet da ke ɗauke da wuta), da mai faifan sola da layin 4G.

Ga shago, ta waya ta fi. Waya ɗaya, Cat6, ke kai mata wuta ta dawo da hoto, amma kada tsawonta ya wuce mita 100. Injin juyawa da fitilun dare na cin wuta, don haka a nemi suwic (akwatin da ke tura wuta cikin wayar) na PoE+ mai wat 30. Ƙarami yakan sa kyamara ta riƙa mutuwa da daddare. A haɗa suwic ɗin da inbata, in ba haka ba ana ɗauke wuta kyamarar ta makance.

Ta sola ba ruwanta da NEPA, sai dai gajimaren Yuni da Yuli kan hana batir cika, yawan juya ta kuma na zuƙe caji. Galibi sai ta ga motsi take ɗauka. Garejin tireloli ne wurinta.

Kowacce ce, a kafa ta a bangon siminti, tsayin mita 3 zuwa 4, a lanƙwaso wayar ƙasa don ruwa ya ɗige waje. Kusa da teku, a sa kusoshin da ba sa tsatsa.