Gargaɗi Kan Masu Tallan "Jarin Halal" Mai Tabbatacciyar Riba

Ana jan hankalin jama'a game da wasu mutane da ke yaɗa talla a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, suna kiran a zuba kuɗi a abin da suka raɗa wa suna "jarin halal, babu kuɗin ruwa". Tallan yakan fara da basmala da aya, sai guntun bidiyon wa'azin wani malami da aka yanko ba da saninsa ba, daga nan sai alkawarin cewa wanda ya zuba naira dubu 100 zai riƙa karɓar dubu 30 duk wata. Idan mutum ya nemi sanin sana'ar da ake juya kuɗin a cikinta, amsar ba ta wuce, "Haba Alhaji, ai tsakaninmu amana ce, ka yi tawakkali."

Wannan alkawarin shi kansa ya saɓa wa shari'ar da suke fakewa da ita. A hukuncin ƙiradi, wato mudaraba, mai dukiya da mai juya ta suna yarjejeniya ne a kan kason ribar da za a samu, rabi ko sulusi, ba a kan wani adadin kuɗi da aka yanke tun farko ba. Idan kuma aka yi asara ba tare da sakaci ba, a kan uwar kuɗi take faɗawa. Saboda haka duk wanda ya lamunce maka uwar kuɗi da riba tun kafin a sayi kaya, ba ƙiradi yake yi ba, ko da da alwala yake karɓar kuɗin. Abin da ake biyan waɗanda suka fara shiga da shi, kuɗin waɗanda suka shigo daga baya ne, shi ya sa ake matsa wa kowa ya kawo ɗan'uwansa ko abokin sahunsa a masallaci.

Irin wannan kashi 30 cikin ɗari a wata shi ne abin da MMM, wani tsarin zuba kuɗi na damfara, ta yi alkawari kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, haka nan CBEX, wani dandalin zuba jari na intanet, ta durƙushe da dukiyar jama'a a Afrilun 2025.

Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da masu tallan suke ɗagawa shaida ce kawai ta rajistar kamfani. Izinin karɓar jarin jama'a a Najeriya yana hannun SEC, hukumar kula da harkokin zuba jari, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara. Wanda ya riga ya zuba kuɗi ya adana rasit da saƙonni, ya daina gayyato kowa, ya kai ƙorafi ga SEC ko EFCC.